Sarƙar ƙarfe a kan Seiko SKX007: yadda aikin ya gudana

4 ga Maris

Agogon da ke kan tebur Seiko SKX007 ne, na masu nutso a ruwa, wanda ya fara fitowa a 1996 aka daina ƙera shi a 2019. Injinsa 7S26 ne, mai ɗaure kansa da motsin hannu, mamurɗinsa kuma, wato abin da ake juyawa a saita lokaci, yana wajen ƙarfe 4. Madaurin roba ne a jikinsa, shekaru sun taurara shi. Abin da ake so shi ne a cire robar a sa sarƙar ƙarfe mara tsatsa, ba ta asali ba, ƙirar wani kamfani daban. Ba za a buɗe cikin agogon ba, don haka aikin bai shafi ƙarfinsa na jure ruwa har zurfin mita 200 ba.

Yau awo kawai aka yi, da ma'aunin baniya mai nuna lamba. Tsakanin kunnuwan agogon, wato ƙahonni biyun nan da madauri ke shiga tsakaninsu, milimita 22 ne sama da ƙasa. Daga bakin kunnen sama zuwa bakin na ƙasa, kimanin 46. Kewayen wuyan hannun da za a ɗaura wa, a ɗan bayan ƙashin nan da ya fito, santimita 17.5. Da zare aka zagaya hannun, sannan aka miƙe zaren a kan rula.

Lambar 22 ɗin nan ita ce ke yaudarar mutane. Faɗi kaɗai take faɗa. Ba ta ce komai a kan lanƙwasar jikin agogon ba, ko inda ramin kunne, wanda sandar riƙe madauri ke shiga, ya zauna. SRP777 ma na Seiko ne, shi ma 22 ne, amma gaɓar bakin da aka yanka masa, wato gaɓar sarƙa ta farko da ke manne da jikin agogo, ba za ta zauna a kan SKX007 ba, domin jikinsu ba ɗaya ba ne. SKX009 kuwa jikinsa ɗaya da na 007, abin da ya shiga wannan zai shiga wancan. Ƙanensu SKX013 20 ne, ba ya cikin lissafi. Saboda haka sarƙar da za a nema dole a ce don wannan jikin aka yi ta, in ba haka ba sai dai a ɗauki mai miƙaƙƙen baki, wadda ke shiga kowane agogo mai 22 amma ta bar rata a fili tsakaninta da jikin.

6 ga Maris

An tsayar da irin da za a ɗauka. Mai gaɓa uku a jere, irin fasalin da aka sani da Oyster, goge da layi-layi ba mai sheƙin madubi ba, don ta dace da saman kunnuwan. Faɗinta 22 a baki, ta tsuke zuwa 18 a wajen maƙulli. Wadda ba ta tsukewa tana da nauyi, kuma a hannu mai santimita 17.5 sai ta zama kamar mari.

Abu uku aka dage a kansu. Gaɓar baki ta zama curin ƙarfe, ba falle da aka naɗe ba. Na fallen yana da sauƙin gyara, ana iya lanƙwasa shi da filaya, amma yana kaɗawa yana ƙara. Gaɓoɓin da ake cirewa su zama masu sukuru, ba fil ba. Sannan gaɓar bakin ta zama mace. Masu sana'ar suna raba su gida biyu: namiji shi ne wanda harshensa na tsakiya ya fito waje a kafe, mace kuwa gurbi gare ta, gaɓa ta gaba ce ke shigowa ciki. Namiji yana ƙara wa agogo tsawo da 'yan milimitoci kowane gefe kafin sarƙa ta fara saukowa, sai ka ga agogon ya yi wa hannu yawa alhali ba laifin agogon ba ne. Mace tana faɗuwa nan take daga bakin kunne.

Ƙarfen, 316L aka rubuta. Shi ne wanda yawancin agogon ƙarfe ke amfani da shi: kuromiyam kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, nikel 10 zuwa 14, molibdenam 2 zuwa 3. Wannan na ƙarshen shi ya bambanta shi da 304, wani nau'in ƙarfe mara tsatsa, shi ne kuma ke taimaka masa jure gishirin gumi da na teku. Wanda fatarsa ba ta shiri da nikel ya sani cewa akwai shi a ciki.

7 ga Maris

Cire robar. A nan aka ci karo da sandar sifirin ta asali, wato 'yar sandar da ke riƙe madauri tsakanin kunnuwa, wadda ake wa laƙabi da mai ƙiba. Kaurin jikinta milimita 2.5, bakinta da ke shiga ramin kunne 1.1. Sandunan da aka saba gani a sauran agogo 1.5 ne ko 1.8, bakinsu 0.8 ko 0.9. Kunnuwan SKX007 ba su da huda ta waje, balle a zura tsinke a turo sandar, kuma mai ƙibar ba ta da wata kafaɗar kirki da cokalin cirewa zai kama.

Yadda aka yi: an kifa agogon a kan tsumma mai laushi, fuska ƙasa. An liƙa salatif na takarda a bayan kunnuwa huɗun. An sa ƙaramin bakin Bergeon 6767, mai kama da cokali mai yatsa biyu, tsakanin roba da kunne, aka matsa robar gefe har aka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sannan aka tura sandar ciki aka karkato ta zuwa bayan agogon. Kullum ta baya ake fitar da ita. In ta kuɓuce ta gaba, bakinta zai ja layi a saman kunne, inda ido ke gani kowace rana. Sau biyu cokalin ya zame, duka biyun a kan salatif ya sauka.

Ƙarƙashin robar akwai baƙar dauɗa da ta daskare a lungun kunnuwa har cikin ramukan. An share da tsinken sakace da burushi da ruwan sabulu, bayan an tabbatar mamurɗin a murɗe yake gam. Dauɗar cikin rami ba ƙaramin abu ba ce: tana iya hana bakin sanda shiga har ƙarshe.

An adana sandunan asali biyu a 'yar leda. Har yanzu sifirinsu da ƙarfi.

15 ga Maris

Sarƙa ta iso. Kafin ta kusanci agogo an duba ta ita kaɗai. Nauyinta giram 94. Gaɓoɓin cirewa huɗu a gefen ƙarfe 6, biyar a gefen ƙarfe 12, kowace tana ƙara tsawon milimita 9. Maƙullin yana da ramukan daidaitawa huɗu, tsakanin kowane biyu 2.5.

Wasu kan gwada da maganaɗisu wai don su gane ƙarfen na gaske ne. Gwajin ba ya raba gardama. 316L ba ya kama maganaɗisu sosai, amma 304 ma haka yake, kuma inda aka matse ƙarfe ko aka lanƙwasa shi wajen ƙira yakan ɗan kama. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a nisanta maganaɗisun da agogon. In siririn sifirin da ke riƙe bugun injin ya ɗauka, zagayensa kan manne da juna, agogo ya kama gudu.

Matsala ta fito wajen ramin gaɓar baki. Sandar asali ta ƙi shiga, domin ramin milimita 2.0 ne, ita kuwa 2.5. Sandunan da suka zo cikin kwalin 1.8 ne, bakinsu 0.8. An gwada ɗaya a kunnen agogo ba tare da sarƙa ba. Ta shiga, ta yi ƙas, kamar komai lafiya. Da aka kama tsakiyarta da hantsaki aka girgiza, sai ga ta tana rawa. Rami na baki 1.1, an sa masa 0.8, saura 0.3 na wasa. Da ido ba komai ba ne. Amma duk motsin hannu bakin nan zai riƙa bugun gefen rami, sarƙar za ta riƙa kaɗawa komai kyawun yankanta, a kwana a tashi ramin ya buɗe ya zama kamar ƙwai. Ramin kunne kuwa in ya lalace, gyaransa ya fi ƙarfin teburin gida. Ga kuma haɗarin siririn baki ya subuce daga faffaɗan rami in an fizgi hannu.

Akwai masu faɗaɗa ramin gaɓar da injin huda don ta karɓi 2.5. Ba a bi wannan hanya ba. Naman ƙarfen da ke kewaye da ramin bai da yawa, kuma in hudar ta karkata ko kaɗan, gaɓar ta tashi daga aiki. An aika neman sanduna masu jiki 2.0, baki 1.1, tsawo 22, masu kafaɗa biyu. Guda huɗu, don sandar sifirin in ta yi tsalle daga tebur ba a cika sake ganinta ba.

Aiki ya tsaya.

23 ga Maris

Sanduna sun zo, awonsu ya yi daidai. Gefen ƙarfe 12 aka fara. A kula kada a juya sarƙar: gefen da ke ɗauke da murfin maƙulli, a wannan sarƙar, shi ke zuwa ƙarfe 6, yadda in an ɗaura, rubutun murfin zai karantu daidai ga mai agogon. An raba sarƙar biyu tukuna ta cire ƙaramar sandar maƙulli, domin aiki da zobe rufaffe wahala ce kawai.

An zura sanda cikin gaɓa, aka sa baki ɗaya a bayan kunne, aka danne ɗaya bakin da cokali ta tsagar da aka yanka a bayan gaɓar, aka zurara ta ciki. Da gaɓar curi ba a iya karkata ta kamar roba, dole ta shiga a miƙe, bakunan biyu a danne kusan lokaci guda. Shi ya sa hantsakin sanda irin Bergeon 7825, mai matse gefe biyu tare, yake sauƙaƙa wannan aikin. Da cokali ɗaya ma yana yiwuwa, haƙuri ne kawai zai ƙaru. Ƙas na farko, ƙas na biyu, gefen 12 ya zauna.

Gefen 6 ya ƙi. Gaɓar ta shiga rabi ta cije. Da aka auna, faɗinta 22.08, 'yar'uwarta kuwa 21.96. Da gilashin ƙara girma aka ga ɗan tudun ƙarfe a gefe ɗaya, ragowar yanka da ba a share ba. Ƙa'idar a nan ɗaya ce: gaɓa ake ragewa, ba a taɓa kunnen agogo. An shimfiɗa samfefa mai lamba 600 a kan gilashi don ya kwanta sumul, aka ɗora gefen gaɓar a kai, ana ja zuwa wuri ɗaya ba gaba da baya ba. Ja goma, a goge, a auna. An raba tsakanin gefe biyun don kada harshen tsakiya ya koma gefe. Bayan ja talatin kowane gefe ta sauko 21.97. An bi da mai lamba 1000 sau biyar-biyar, aka wanke garin ƙarfen.

Ta shiga, amma ƙas ɗaya aka ji. Wannan shi ne wuri mafi haɗari a aikin gaba ɗaya, domin daga sama komai ya yi kyau, gaɓar a matse take, tana iya kwana biyu a hannu a haka kafin agogo ya faɗi ƙasa. Da aka leƙa ta tsagar baya da tocila, kafaɗar sandar a dama ta manne da kunne, ta hagu kuwa da sauran rata. Bakin yana dafe da bango, bai faɗa rami ba. An danna gaɓar da babban yatsa zuwa jikin agogon, a lokaci guda ana ɗan tura sandar da bakin cokali, sai ga ƙas na biyu.

Gwajin ja: an riƙe agogon a kan katifa, aka ja kowane gefe da ƙarfi a miƙe, sannan aka murɗa hagu da dama. Babu motsi.

24 ga Maris

Rage tsawo. An sake cire sarƙar daga agogon, don akwai yiwuwar a sa zafi.

Kan sukurun na bakin sukundireba milimita 1.4 ne. Mai 1.2 yana shiga, amma yana rawa a tsaga, kuma shi ke cinye kan sukuru. Bakin ya cika tsagar daga gefe zuwa gefe. An kafa sarƙar a tsaye a cikin katakon riƙo mai tsagogi, aka danna ƙasa da ƙarfi fiye da yadda ake murɗawa. Biyu sun kwance lafiya. Na uku ya kafe, alamar an sa masa gam ɗin sukuru a masana'anta. Ba a yi kokawa da shi ba. An ɗora bakin ƙarfen soda mai zafi a ƙarshen sukurun, gefen da zaren yake, na daƙiƙa ashirin, aka sake gwadawa, ya juya. Wanda ba shi da wannan ƙarfen zai iya tsoma gaɓar a tafasasshen ruwa na minti biyu, wani lokaci ya isa.

Da sarƙar fil ce, da labarin ya bambanta. Akwai kibiya a cikin gaɓa, ita ke nuna inda za a turo fil ya fita, a mayar da shi kuma ta kishiyar hanyar. Wasu ma suna da ɗan zobe ƙarami da ke riƙe fil ɗin, wanda in ya faɗi ba a lura ba, fil zai zare da kansa daga baya.

Da gaɓoɓi duka, sarƙar ta yi yawa da kimanin milimita 35, wato gaɓa huɗu. An fara da cire biyu-biyu. Tsawon ya yi daidai, amma maƙullin ya karkata zuwa gefen ƙaramin yatsa, agogon kuma yana ta zamewa zuwa bayan hannu. Dalili: abin da ya kamata ya zauna a tsakiyar cikin hannu ba murfin da ake gani ba ne, fallen da ke naɗe a ƙarƙashinsa ne, shi kuwa ya fi murfin tsawo kuma ya miƙa gefe ɗaya. Shi ya sa galibi gefen ƙarfe 6 ke zama gajere. An mayar da gaɓa ɗaya gefen 12, aka ƙara cire ɗaya daga gefen 6. Yanzu uku ne aka cire daga 6, ɗaya daga 12. Agogon ya tsaya a tsakiya.

An bar sandar maƙulli a rami na biyu daga waje. Ma'aunin da aka bi shi ne ƙaramin yatsa ya shiga ƙarƙashin maƙulli da ɗan matsi. Ramuka huɗu masu tazarar 2.5 suna ba da milimita 7.5, gaɓa ɗaya kuma 9 ce, ke nan kusan duk tsawon da ake so ana iya samu ba tare da rabin gaɓa ba. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin a zaɓi sarƙa. A nan sa'a aka ci.

Ba a sa gam ba tukuna, sai tsawon ya tabbata.

28 ga Maris

Kwana huɗu a hannu. Da rana hannu kan ɗan kumbura, sarƙar ta bar shaida a fata. An matsar da sandar zuwa ramin waje, ya yi daidai da rana, da safe kuma ya ɗan yi sako-sako kaɗan. An bar shi a haka.

Gefen fallen maƙulli yana da kaifi, yana cizon fata in an lanƙwasa hannu. An naɗe samfefa 1000 a jikin tsinke aka bi gefen sau kaɗan, ta ciki kawai.

Sukuru ɗaya a gefen 12 ya fito da kusan rabin milimita. Da yatsa aka ji shi kafin ido ya gani.

29 ga Maris

Ranar gam. An kwance duk sukurun da aka taɓa, har da waɗanda ba a taɓa ba aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, biyu a cikinsu sun ƙara juyawa kaɗan. An wanke zaren kowanne da sifirit don cire maiƙo, aka bari ya bushe. Loctite 222 aka sa, mai ruwan shunayya, mara ƙarfi sosai, wanda aka yi don ƙananan sukuru. Mai shuɗi ya fi shi riƙo, ja kuwa ko kusa kada ya zo, don sukurun da bai kai milimita biyu ba kansa zai cinye kafin ya kwance.

Yawan da za a sa shi ne abin lura. An ɗiga a kan takarda, aka dangwalo da bakin allura. Kuma a cikin ramin zare aka shafa, ba a jikin sukuru ba. In aka shafa a sukuru, yayin da yake ratsa gaɓar tsakiya zai bar gam a hanya, gobe a tarar da gaɓa ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Bayan an ɗaure, an motsa kowace gaɓa sau da yawa, aka ajiye sarƙar awa 24. Ƙarfe mara tsatsa yana sa irin wannan gam ya yi jinkirin kamawa, don haka ba a rage lokacin ba.

12 ga Afrilu

Mako biyu, babu sukurun da ya motsa. An sake gwajin ja, an sake leƙa kafaɗun sanduna da tocila, huɗun suna manne da kunnuwa.

Murfin maƙulli ya kwashi ƙarce daga gogar tebur. An rufe tambarin da gefuna da salatif, aka ja soson Scotch-Brite mai ruwan toka a kai, a miƙe, bin layin da ke jiki tun asali, daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa a tsakiya. Ja goma sha biyu ya ɓatar da yawancinsu. Mai zurfi ɗaya ya rage, an ƙyale shi, domin fitar da shi sai an ci ƙarfe da yawa.

Maƙullin ya fara buɗewa da sauƙi fiye da farko. Riƙonsa daga ɗan lanƙwasar falle yake zuwa, sai aka ƙara masa lanƙwasar da yatsu, kaɗan ƙwarai, aka gwada, aka ƙara. Filaya tana wuce gona da iri a nan.

Saura abu ɗaya. A gefen ƙarfe 12 akwai rata siririya tsakanin gaɓar baki da jikin agogo, takarda ɗaya tana shiga, biyu ba sa shiga, kuma in aka girgiza agogon kusa da kunne ana jin ɗan ƙis-ƙis. Ramin gaɓar ne ya ɗan fi sandar faɗi. An yanko salatif mara kauri, faɗin milimita 3, za a naɗa zagaye ɗaya a tsakiyar sandar, nesa da bakunan da ke motsi, a gani ko zai kashe ƙarar. In bai yi ba, za a musanya gaɓoɓin baki biyun, ta sama ta koma ƙasa, a sake aunawa.